Littattafan labarin tarihi: aro a laburare ko saye?

Masu son ƙagaggun labaran da aka gina kan tarihi, irin na zamanin jihadin 1804 ko shigowar Turawa Kano a 1903, sun sha tambayata wanne ya fi.

Aro ya fi sauƙi ga aljihu, rajista kawai za ka yi. Kuma tsofaffin littattafan da aka daina bugawa, wani lokaci sai a laburare ake dacewa da su. Amma akwai wa'adin mayarwa, ga shi irin wannan karatu ba ya son gaggawa. Sunayen sarakuna da garuruwa kan sa ka koma baya. In littafin ya ɓace kuma, kai za ka biya.

Wanda ka saya naka ne, ka ja layi yadda kake so, 'ya'yanka su gada, in masu aro sun bar maka shi.

Ɗalibi da mai ɗanɗana marubuta, laburare ya ishe su. Mai maimaita karatu, gara ya saya.