Wata takwas da riyaktan kalsiyam a tankin murjanina

Gajiya ce ta sa na sayi riyaktan kalsiyam. Tankina na ruwan gishiri lita 400 ne, murjanin Acropora sun cika shi, kullum da safe sai na auna ruwan kalsiyam da na alkaliniti (sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su) da sirinji na zuba. Duk ranar da na manta, awo ya faɗi.

Aikin na'urar ba wuya. Tulu ne mai gani-har-hanji da ake cikawa da ɓarzajjen ƙashin murjani, ana hura masa iskar CO2 har pH na cikinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka wajen 6.5. Tsamin ruwan ke narkar da tsakuwar, ruwan kuma ya riƙa ɗiga cikin tanki ɗauke da kalsiyam da alkaliniti tare. Saita shi ne ya ba ni wuya. Sati biyu ina tsugune gaban kabad ina ƙirga kumfar CO2, don bawul ɗin da ya zo da shi, ka ɗan taɓa shi ya zarce. Da ya zauna kuwa, alkaliniti ya tsaya a 8 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam a 430, ko motsi ba sa yi.

A wata na uku sai gansakuka ta fara rufe gilashi kwana biyu bayan gogewa. Na'urar awo ta Hanna, wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba, ta nuna fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, ya kai 0.18. Abincin kifi na da nasa kason, amma tsakuwar ma tana sakin fosfet ɗin da ke cikinta idan ta narke.

Nan na yi gaggawa. Na zuba garin ƙarfen nan mai tsotse fosfet, GFO, cikakken awo lokaci guda. Cikin kwana huɗu fosfet ya koma kusan sifili, murjani biyu suka koɗe, ɗaya naman gindinsa ya saɓule, farin ƙashi ya fito fili. Laifina ne, ba na garin ba.

Yanzu rubu'in awo nake sawa, in ɗauraye shi har jan ruwan ya washe, in canza bayan sati uku. Fosfet na yawo tsakanin 0.05 da 0.08. Mai ƙaramin tanki da murjani masu laushi, sirinjinsa ya ishe shi. Ni dai tukunyar gas ɗin CO2 ta biyu na saya, don ta farko ta ƙare mini ranar Lahadi da dare.