Sashen kansar kai da wuya da ya yi jinyar Babanmu

Idan an tura ɗan'uwanka irin wannan sashe a babban asibiti, ga abin da muka tarar a wanda ya duba Baba. Na yaba musu ƙwarai, amma akwai gyara.

Baba kafinta ne tun yana saurayi. Hancinsa na dama ya toshe wata da watanni, ga haɓo jefi-jefi, ana ta ɗirka masa maganin mura. Likitar da ta fara ganinsa tana jin sana'arsa ta ajiye biro, ta ce, "Baba, kullum ɓari ɗaya ne?" Nan take ta zura siririyar kyamara ta leƙa. Daga baya ta yi mana bayani cewa ƙurar katako na cikin sanannun abubuwan da ke jawo nau'in kansar da ake kira adenokasinoma, mai tsirowa a kogunan ƙashi da ke tsakanin idanu, kuma sai an yi shekaru masu yawa ana shaƙa take bayyana.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba likita ɗaya ya yanke hukunci ba. Likitan tiyata da na gashi (wato ƙona kansa da haske mai ƙarfi na na'ura) da mai karanta hoto sun zauna tare a kan hotunan CT da MRI, CT don ganin ƙashin da ya ciwu, MRI don a tabbatar ƙarin kansar bai kai ga ido ko rigar ƙwaƙwalwa ba. Ta cikin hanci aka ciro shi, ko ƙwarzane babu a fuskarsa. Sai gashi na kusan mako 6, Litinin zuwa Juma'a, da wata ragar roba da aka ƙera daidai fuskarsa don kada kai ya motsa. Kafin a fara sai da likitan haƙori ya duba shi.

Yayana ya tambayi likitan gashi kai tsaye ko Baba zai rayu. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce a ƙididdigar Amurka, idan ciwon bai bar inda ya fara ba, sama da kashi 80 cikin 100 suna haura shekara 5. Idan ya bazu zuwa kewaye, kusan rabi ne. Ya ƙara da cewa wannan lissafin taron jama'a ne, na Baba ya danganta da nau'in ƙarin da kuma ko an cire shi tas. Gaskiyar nan ta fi mana lallashi amfani nesa ba kusa ba.

Inda suka gaza: sakamakon naman da aka yanka ya daɗe, babu wanda ya kira mu, mu ne muka yi ta sintiri. Sannan ba a shirya mu ga wahalar gashi ba. Bakinsa ya bushe, ɗanɗano ya gudu, hanci ya cika da ɓawo, duk muka ɗauka ciwon ne ya dawo. Wata nas ce, Allah ya saka mata, ta nuna mana yadda ake wanke hancin da ruwan gishiri na asibiti. Wannan bayani kamata ya yi a ba kowa a rubuce tun ranar farko.

Har yanzu ba ya jin ƙanshi sosai. Suna leƙa hancin da kyamara duk bayan 'yan watanni, domin irin wannan ciwo in zai dawo, yawanci a gurbinsa na farko yake dawowa. A wannan bibiyar ba su taɓa yi mana sakaci ba.