Ramin ajiyar manoman Amurka da rumbunmu: wanne zai yi a Garwa?

Malam, ka tambaya ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa da manoman Amurka suke ajiye abinci a ciki tun zamanin mulkin Ingila ya fi rumbunmu, kuma in ka tona irinsa a gonarka ta bayan Garwa ko zai riƙe maka albasa da dankali har damina. Shawarata, kada ka wahalar da 'yan aiki. Ramin da rumbun ba aikinsu ɗaya ba.

Su can sanyi ne ya dame su. Turawan da suka sauka a Plymouth, a arewa maso gabashin Amurka, a 1620 da waɗanda suka biyo bayansu sun tarar da ƙasar da hunturu ke daskarar da ita wata da watanni, ba shuka ba tsiro. Kayan lambu kuwa in ƙanƙara ta kama shi, da ya narke sai ya yi laushi ya ruɓe. Shi ya sa suke tona ɗaki a ƙarƙashin gida ko a kwiɓin tudu, su ɗaure bango da duwatsu, su bar ƙasan ba daɓe, su buɗe 'yar kafar iska. A ciki ga karas binne a yashi mai danshi, ga kabeji, ga tuffa da naman gishiri a ganga, ga dankalin Turawa, wanda baƙi daga arewacin Ailan suka fara nomawa a New Hampshire a 1719. Irin wannan kaya yana son sanyin digiri 0 zuwa 4, da danshin kusan kashi 90 cikin 100.

To, ga inda gizo ke saƙar. Rami ba ya haifar da sanyi. In ka yi zurfin mita kaɗan, ƙasa tana zama ne a kan matsakaicin zafin garin na shekara guda. A New England, wato yankin da Plymouth take, wannan wajen digiri 10 ne ko ƙasa da haka, hunturu kuma ya ƙara sauko da shi. A Garwa da Marwa da Njamena kuwa wajen 28 ne. Za ka shiga ramin a watan Afrilu ka ji daɗi, don waje ya haura 40, amma zafin 28 haɗe da danshi shi ne daidai abin da fumfuna da gara ke nema. Albasa za ta yi ruwa tun ba ka fara tunanin kasuwa ba. Ƙara da halin ƙasarmu: baƙar laka irin wadda ake dasa masakwa a kai tsagewa take yi da rani ta riƙe ruwa da damina, kuma duk mai zaune kusa da kogin Binuwai ko na Logon ya san abin da ambaliyar 2022 da ta 2024 suka yi wa gidaje.

Hatsi kuma su kansu ba a wannan ɗaki suke zuba shi ba. Masara tana da nata ɗakin na katako a waje, a ɗage kan ginshiƙai, da tazara tsakanin allunan don iska ta ratsa, ɓera kuma ya rasa matakala. Wannan shi ne takwaran rumbunmu, kuma a ganina namu bai gaza ba. Dubi yadda ake ɗora shi kan duwatsu, a shafe shi da laka, a kifa masa jinka, a zuba gero da zangarniyarsa ba a sussuke ba, a barbaɗa toka ko ganyen darbejiya. In ka hau duwatsun Mandara wajen Mokolo, za ka ga 'yan ƙabilar Mafa sun kai rumbunansu har tsakiyar gida.

Akwai dai ramin da ke yi wa hatsi, kada a ce na ɓoye. Turawan Plymouth ɗin nan masarar 'yan asalin ƙasar suka tono a binne a Cape Cod suka kwashe. A Sudan ma ana binne dawa a ramin da ake kira matmura. Amma nan sharaɗin akasin na farko ne: hatsi busasshe ƙarau, ƙasa mai tudu wadda ruwa ba ya kwanciya, a shimfiɗe da ƙaiƙayi, a toshe baki ruf har ƙwari su rasa numfashi.

Albasarka iska take so. Ka bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe, ka baza ta kan gadon kara a rumfa, kada ka tula, ka riƙa tsince mai laushi duk mako. Dankali na ɗan jurewa cikin busasshen yashi a inuwa, muddin fartanya ba ta sare shi ba. Tumatir da alayyafo, tukunya cikin tukunya ta Mohammed Bah Abba na Jigawa, wadda ta ci kyautar Rolex a 2000, wato ƙaramar tukunya a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, tana ƙara musu kwanaki da rani. Da damina ba ta da ƙarfi, don jiƙaƙƙen yashin ba ya samun busasshiyar iskar da za ta ja ruwan. In kuma kana da wake, nemi buhun PICS mai riɓi uku, wato leda biyu a cikin buhu, wanda asalin bincikensa a Marwa aka yi tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Ka ɗaure kowace leda daban, ka duba ba huda kafin ka zuba.