Gargaɗi ga Masu Tsofaffin Volkswagen: Ana Sayar da Kwali da Sunan Gaskit ɗin Jamus

Na rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwa da har yanzu suke riƙe da tsofaffin motocin Volkswagen masu inji a baya, daga Ngaundare zuwa Garwa da Marwa har Kuseri da Njamena, da kuma makanikan da ke duba musu su. Akwai wani mutum da yake shiga zaurukan WhatsApp da Facebook na masu irin waɗannan motoci, yana cewa shi dillalin kayan gyara ne a Duwala, kuma wai ya gaji ragowar wani tsohon sito cike da gaskit na salansa da na akwatin ɗumi, 'yan asalin Jamus, waɗanda ba a taɓa buɗe ledarsu ba. Ni na saya a hannunsa, na ɗaura a motata, na ɗauki iyalina a ciki, kuma abin da ya biyo baya ne ya sa na ga bai halatta in yi shiru ba.

Motar tawa ƙirar Beetle ce ta 1974, wadda masu Faransanci ke kira Coccinelle, yaran unguwarmu kuma suke kiranta kunkuru. Ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa. Wanda bai san motar ba zai yi mamakin abin da ya haɗa mutumin Garwa da na'urar ɗumama mota, alhali a watan Maris da Afrilu ko sitiyari ba ya taɓuwa da rana tsaka. Amsar tana cikin yadda aka gina injin. Ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa, fanka ce kawai take hura masa iska. Tunda babu ruwan zafi da za a ɗumama ɗakin mota da shi, sai masu ƙirar suka lulluɓe bututun hayaƙin silinda ta 1 da ta 3 da wata rigar kwano, wato akwatin ɗumi, guda a dama guda a hagu. Tun daga 1963 fankar ce take turo iska mai tsabta ta tiyo biyu zuwa cikin wannan riga, iskar ta goga jikin bututun ta ɗauki zafi ba tare da ta gauraya da hayaƙi ba, sannan ta bi ta hanyoyin da ke ƙarƙashin ƙofofi ta fito wajen ƙafafu da gindin gilashin gaba. Ma'anar wannan ita ce, ko mutum bai taɓa jan sandar ɗumi da ke gefen birkin hannu ba, akwatunan nan biyu suna cikin hanyar salansarsa, kuma gaskit ɗinsu yana shan wuta duk lokacin da injin ke aiki.

Gaskit ɗin, wanda makanikanmu suka fi kira jwan, iri uku ne a wannan wuri. Akwai masu faɗi guda huɗu da ke zama a bakin kulas, wato kan silinda, kowanne da ramin hayaƙi a tsakiya da ramukan noti biyu. Akwai zobba masu kauri da ake matsewa da maɗauri a inda bututun akwatin ɗumi yake shiga tukunyar salansa. Sannan akwai ƙanana biyu na siririn bututun da ke ɗumama hanyar mai a ƙarƙashin kafireta. An daina ƙera wannan mota a Jamus tun 1978, ban da mai buɗaɗɗen sama da ta kai 1980, ta ƙarshe a duniya ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko a watan Yulin 2003, amma da yake an yi sama da miliyan 21, har gobe kamfanoni suna buga waɗannan gaskit sababbi, kuma ba kaya ne masu tsada ba. Wahalarsu a wajenmu ta nisa ce kawai. Wannan nisa shi ne jarin mutumin da nake magana a kansa.

A farkon Disamba salansata ta fara tusa idan na ɗaga ƙafa daga totur, kuma ina da tafiyar biki a Ngaundare, inda sanyin asuba ba wasa ba ne a lokacin hunturu. Na yi cigiya a zaure. Cikin sa'a guda ya same ni ta gefe, da sallama da gaisuwa irin ta mutanen kirki, yana kirana Alhaji, yana cewa ranka ya daɗe. Ya turo hotunan ledoji masu tambarin kamfanin, ya ambaci silinda da lambobinsu daidai, har ya tambaye ni ko injina 1300 ne ko 1600. Wannan tambaya ita ce ta kwantar mini da hankali, domin na ɗauka wanda ya san ya tambayi haka ɗan sana'a ne. Muka daidaita a kan sefa 45,000 na saiti cikakke. Da na zo tura kuɗin ta waya, sunan da ya fito sunan mace ne, ya ce ai lambar uwargidansa ce. Bayan kwana biyu ya dawo da cewa duwan, wato kwastan, ta riƙe kwalin, sai an ƙara 15,000. Ban tsaya na tambayi kaina ba yadda kayan da aka ce sun shekara arba'in a sito a Duwala za su koma hannun duwan. Na tura.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan damfara, kuma ya sa ya fi su haɗari, shi ne yana aiko da kaya. Wanda ya karɓe kuɗinka ya ɓace ya cuce ka sau ɗaya. Wannan kuwa ƙunshi ya iso ta motar ajans, wato kamfanin sufuri, bayan kwana biyar, an naɗe shi tsaf. Na kai wa yaron da ke gareji, domin a ranar tsohon makanikin da ya riƙe motar tun zamanin mahaifina ya je jana'iza ƙauye. Yaron ya ɗaura, ya matse notuna da sifana mai lamba 13, aka tayar da inji, ƙara ta ɗauke. Na biya shi na tafi gida ina murna.

Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne. Mun tashi bayan sallar asuba da maiɗakina da yara biyu, gilasai a rufe saboda ƙura da sanyi, sandar ɗumi a sama. Mun wuce Ngong lafiya. Kafin mu kai Mbe sai na ji ƙarar ta dawo, ƙasa-ƙasa da farko, kamar ana buga ƙaramin kalangu a bayan kujera. Babbar 'yata ta ce kanta yana sara mata, ƙaninta kuma, wanda ba ya barci a mota, ya langaɓe a jikin uwarsa. Ni ma na ji idona yana nauyi, na ɗora laifin a kan sammako. Maiɗakina ce ta ce, Malam, tsaya, akwai warin ƙuna. Muka fita muka zauna a gindin bishiya kusan sa'a guda kafin yaron ya warware sosai. Da a kan hawan dutsen da ke gaban Mbe barcin nan ya ɗauke ni, inda hanya take murɗe-murɗe manyan motoci suna saukowa, Allah kaɗai Ya san yadda za ta kasance. Sauran tafiyar da dawowar duka da gilasai a buɗe muka yi su, yara a cikin barguna, aka kuma kai su asibiti aka duba su da muka isa.

Da na dawo, tsohon ya sa aka ɗaga motar ya shiga ƙarƙashi da kansa, duk da gwiwarsa. Ya kwance akwatin hagu, ya zaro abin da ya rage na gaskit ɗin ya ɗora mini a tafin hannu. Rabinsa ya zama toka, ragowar kuma da ya murza da yatsa sai ya rabu falle-falle, launin ƙasa-ƙasa a ciki, fentin ruwan azurfa a waje. Ya ce, ɗana, wannan ai kwali ne, irin wanda ake yanka wa famfon ruwa, wa ya sayar maka? Na ce, Baba, daga Jamus aka ce. Bai ce komai ba, ya ɗauko ɗaya daga cikin biyun da suka yi saura a leda, ya kunna ashana ya kara. Nan take ya kama da wuta. Zobban kuwa igiya ce aka naɗa aka shafe da baƙin abu, ta ƙone ta bar maɗaurin yana lilo. Sannan ya nuna mini abin da ya kamata in gani tun ranar farko: kowane kayan Volkswagen yana da lambarsa ta kansa, lambobi tara a rukuni uku, na wannan mota galibi suna farawa da 111 ko 113, amma ledojin nan uku masu kaya iri uku lamba ɗaya ce a jikinsu.

Ya bayyana mini yadda hayaƙin ya iso gare mu, kuma ina so masu irin motar su fahimci wannan sosai, domin da yawa suna ɗaukar yoyon salansa a matsayin ƙara kawai. Fankar injin tana zuƙar iska ne daga cikin ɗakin injin. Idan gaskit ya ƙone, hayaƙi yana fita daidai ƙarƙashin wannan ɗaki, kuma a tsohuwar mota da wuya a samu robar da ta zagaye injin da robobin da ke bakin tiyo ba su tsage ba. Hayaƙin ya hau ta nan, fanka ta zuƙe shi, ta tura shi cikin akwatin ɗumi, daga can sai ƙafafun yara. Gubar da ke cikinsa ita ce wadda take kashe mutanen da suka kwana da janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, alamunta kuma ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da barci. Warin da maiɗakina ta ji na kwalin da ke ƙonewa ne, da babu shi da ba mu ji komai ba. Injin ma bai tsira ba, domin wutar da ke tsartuwa a bakin kulas tana cin fuskar ƙarfen, kulas ɗin kuwa na alminiyam ne.

Gaskit na gaskiya yana da nauyi a hannu, fuskarsa ƙarfe ce, cikinsa abu ne da wuta ba ta ci, magana ɗaya ce ashana ba ta yi masa komai. Zoben kirki idan aka duba shi da kyau za a ga saƙar waya a jikinsa. Ko da ma a ce maganar tsohon sito gaskiya ce, ba abin rububi ba ne, domin gaskit na wancan zamani da yawa da asbestos aka yi su, wanda ƙurarsa take lalata huhu, shi ya sa tsohon yake jiƙa wurin da ruwa kafin ya kankare, ba ya yarda a hura da iska.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne, masu faɗin nan huɗu ana iya yin su a Garwa, kuma a gabana aka yi. Tsohon ya samo fallen jan ƙarfe mai kaurin kusan milimita 1, ya ɗora takarda a bakin bututun ya goga da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya mayar da ita kan ƙarfen, ya huda ramukan noti da na tsakiya tun kafin ya yanke gefe don kada fallen ya lanƙwashe, ya bi da zarto ya share baki. Daga nan ya gasa kowanne har ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya ce da haka jan ƙarfe yake laushi ya kwanta a fuskar kulas. Ya kuma goge fuskar bututun a kan dutse har ta miƙe, domin ko gaskit ɗin Jamus ba ya toshe bakin da ya karkace. Zobban ne kaɗai ya ce ba zai yi da hannu ba. Waɗannan wani ɗan'uwa direba ya sayo mini a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya riƙe su a hannu ya duba kafin ya biya. Najeriya ta fi mu ragowar kayan wannan mota, tunda an harhaɗa ta a Legas tun daga 1975. Wanda ba ya bukatar ɗumi sam, yana iya sa a cire akwatunan a sa bututu zalla, amma lallai a toshe bakunan tiyo biyu na jikin fanka, in ba haka ba iskar da za ta sanyaya injin ce take zubewa a banza.

Da na koma wa mutumin da hoton tokar, bai yi musu ba. Ya yi salati, ya ce yaron shagonsa ne ya musanya kaya, ya roƙe ni in rufa masa asiri, zai aiko da na gaskiya idan na tura 8,000 kuɗin mota. Da na ƙi sai ya toshe ni. Bayan na faɗi abin a zaure, mutum uku suka same ni da irin labarin, ɗaya a Marwa mai Kombi, biyu a Njamena, kuma kowannensu sunan da ya fito masa wajen tura kuɗi daban ne da nawa. Ɗaya daga cikinsu gaskit ɗin yana nan jikin motarsa a lokacin da muka yi magana, domin cikin gari kawai yake yawo da ita, kwalin bai gama cinyewa ba. Duk wanda ya sayi irin wannan kaya daga bara zuwa yanzu, ya daure ya sa a kwance a duba, ya nemi baƙin tabon hayaƙi a gefen notuna, kada kuma ya ja sandar ɗumi kafin nan. Ya ajiye saƙon shaidar tura kuɗi da hotunan hirarsu da takardar ajans, ya kai ƙara komisariya ko jandarmari, domin a Kamaru dokar 2010 kan laifukan intanet ta shafi irin wannan zamba. Na kai tawa, an rubuta, an karɓi ledojin da ragowar gaskit ɗin guda.

Ban ambaci sunan da yake amfani da shi ba saboda ya riga ya canza shi, kuma mai yiwuwa sunan wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Za a gane shi da salonsa: ya biyo mutum ta gefe bayan cigiya, labarin tsohon sito, lambar uwargida, kuɗin duwan. A makon jiya wata sabuwar lamba ta yi mini sallama, tana tallar saitin gaskit 'yan asalin Jamus, tare da hoton motar wani Alhaji na Garwa da aka ce ya saya ya ji daɗi har ya je Ngaundare ya dawo. Motata ce a hoton, a ƙofar gidanmu, wanda na tura masa da hannuna ranar da ya tambaye ni ko 1300 ce ko 1600.