Wace ƙasa za ki saya wa shukar sutuh, bitmos, kokobit ko jan yashi?

Duk wadda ta taɓa shiga mashtal, wato wurin sayar da tsirrai da kayan shuka, a Makka ko Jidda da niyyar sayen ƙasar shuka ta san yadda abin yake, buhuna ne jibge kala kala, wannan an zana masa tumatir ja jawur wancan an zana fure, mai shagon kuma duk wanda kika nuna sai ya ce miki mumtaz ya Hajja, wato mai kyau ne. Matanmu da ke shuka zogale da rama da yakuwa a sutuh, wato saman bene, ko a ɗan hosh, wato tsakar gida, tun daga Shara Mansur har Hindawiyya a Makka, yawanci baƙin buhun nan suke sunkuta saboda a gida mun taso da sanin baƙar ƙasa ita ce mai albarka. A fadamar Haɗeja haka ne. Amma a cikin bokiti a saman bene, a garin da zafin rani ke haura digiri 45, ba kala ake saya ba, abin da ƙasar za ta yi da ruwan da kika zuba mata shi za ki duba, nawa za ta riƙe, nawa za ta sakar wa saiwa, nawa kuma za ta bari ya fita ta ƙasa.

Ruwa dai a ƴan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa yake zama. Yashi ƙwayarsa babba ce, daga milimita 0.05 zuwa 2, ramukansa ma manya, kina zubawa yana zurarewa. Laka kuwa ƙwayarta ba ta kai milimita 0.002 ba, ramukanta ƙanana ne ƙwarai kuma suna damƙe ruwa gam, har ta kai shuka na yaushi alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lakar ruwa ne, saiwar ce ta kasa fizgo shi. Shi ya sa za ki ga mace na rantsuwa wallahi ƙasar da danshi amma ramar ta langaɓe. A lita 10 na yashi ruwan da shuka ke iya sha da ƙyar yake kai lita ɗaya, a ƙasar da ta haɗa yashi da turɓaya da ɗan laka kuwa yakan kai ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan tsakiyar ake nema, kuma a nan ba a cika samunta a buhu ɗaya ba sai kin haɗa da kanki.

Jan yashi, ramal ahmar ɗin da ake loda wa a buhu ko a mota, shi ne mafi araha kuma ba ya ruɓar da saiwa, zogale na sonsa don zogale ba ya jure kwanciyar ruwa ko kaɗan. Matsalarsa ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki, a watan Yuli kin ba shi da asuba kafin la'asar ya bushe ƙayau, ga nauyi, rabin durom mai lita 100 ya haura kilo 150 tun ma ba a jiƙa shi ba, in kin jera shida a sutuh ɗin gidan haya to ki shirya magana da mai gida. In za ki saya ki murza shi a yatsa, mai ɗan kaushi ake so, mai laushi kamar gari in ya haɗu da laka daskarewa yake kamar bulo. Yashin bakin teku kuma ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa, gishiri ne.

Akwai ƙasar wadi, wadda suke kira ɗin, irin wadda ambaliya ke kwantarwa a kwari kamar Wadi Fatima ta wajen Jumum. A gona ba ta da laifi. A tukunya ita kaɗai sai ta toshe, samanta ya yi ɓawo ya tsattsage, ruwa ya tsaya a kai ya ƙi shiga, saiwa ta rasa iska. Kaɗan ake sawa. Kafin ki biya kuɗin buhu goma ki roƙi cikin hannu ɗaya ki je gida ki zuba a gorar ruwa, ki cika da ruwa ki girgiza sosai ki ajiye, yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, turɓaya ta biyo baya cikin awa biyu haka, laka kuwa sai ta kwana ruwan na nan a gurɓace, kinga kin gane da idonki abin da aka sayar miki.

Sai bitmos, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin baƙaƙen buhunan nan da aka rubuta turba zira'iyya, wato ƙasar shuka. Ba ƙasa ba ce ma, gansakuka ce da ta ruɓe shekaru aru aru a dausayin ƙasashen sanyi, daga Latbiya da Istoniya da Jamus ake shigo da shi. Yana shan ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa, ba nauyi, kuma yana da ɗan tsami wanda ke taimakawa tunda ƙasar nan da ruwanta sun karkata ga kanwa. Don yayyafa iri, lansir ko jarjir ko na'ana'a a inuwa, babu kamarsa. Amma ranar da kika tafi Madina ziyara yaran suka manta da shi ya bushe, to nan za ki ga halinsa, sai ya tsuke ya janye daga jikin bokitin ya bar rata duk zagaye, ki zuba ruwa ki ga ya gangara ta gefen nan ya fito ta ƙasa shaaa, ki ɗauka ya ƙoshi, ki tona da yatsa ki tarar tsakiyar a bushe tana ƙura. Busasshen bitmos korar ruwa yake yi. Sai kin tsoma bokitin gaba ɗaya a baho ya jima ciki kafin ya dawo hayyacinsa. Ga tsada. Ni a ganina wanda ya cika tukunyar zogale da bitmos zalla a zafin Makka ya ɓarnatar da riyal ɗinsa ne kawai.

Kokobit ya fi dacewa da mu. Garin ɓawon kwakwa ne daga Indiya da Sirilanka, ana matse shi kamar bulo, mai kilo 5 in kin jiƙa shi yakan kumbura ya kai lita 60 ko fiye, shi ya sa ko a tasi za ki ɗauko. Yana riƙe ruwa kusan kamar bitmos amma in ya bushe yana sake sha ba gardama, kuma yana barin iska. Illarsa biyu, babu abinci a cikinsa dole ki haɗa da taki, sannan mai arahar yakan zo da gishiri, don haka ki tambaya ko magsul ne wato wankakke, ko an ce miki eh ki jiƙa ki tsiyaye sau biyu ko uku kafin ki shuka, ba a asara.

Fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi, barlait, dutsen aman wuta ne da aka gasa ya kumbure, aikinsu buɗe wa iska hanya. In akwai yashi mai kaushi a haɗinki ba dole ba ne, sai dai in nauyi kike gudu. Ƙwayoyin jel da ake tallar suna adana ruwa kuma, da ruwa mai gishiri ba sa kumbura yadda aka nuna a bidiyo, ki bar kuɗinki.

Taki kam ba a tsallake shi, samad baladi na tumaki ko shanu, amma wanda ya ruɓe ya huce, ki shinshina, in yana warin fitsari yana ɗumi bai nuna ba zai ƙone saiwa. Shi ke sa yashi ya fara riƙe danshi. Toka da muka saba watsawa a gida a nan ki rage, ƙasar da ma kanwa ta ishe ta. Haɗin da na fi yarda da shi ga rama da yakuwa da lalo shi ne kokobit kashi biyu, jan yashi kashi biyu, taki kashi ɗaya, zogale kuma a ƙara masa yashi.

Tukunyar ma sayayya ce kuma a nan mutane ke yin kuskuren tsakuwa. Ki jiƙa soso ki kwantar da shi, zai ɗiga ya daina, ki tsayar da shi a tsaye sai ki ga ya sake ɗiga. Haka ƙasa take a tukunya, kullum akwai wani sashe a can gindi da ke jiƙe sharkaf wanda ruwansa ba ya fita, kuma kaurin wannan sashen bai damu da tsawon tukunya ba, shi ya sa baho mai faɗi marar zurfi ke ruɓar da saiwa, doguwar tukunya kuma ta bar mata wurin numfashi. In kin shimfiɗa tsakuwa a gindi wai don ruwa ya wuce, ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika taf, kenan kin ɗago jiƙaƙƙen sashen ne sama kusa da saiwa kuma kin rage zurfi. Huji ake so, da yawa, ki ɗora bokitin a kan bulo biyu kar ya zauna a simintin da ke ƙuna. Baƙar roba tana dafa saiwa a rana, fara ta fi, ta yumɓu tana sanyaya ƙasa amma tana shanye ruwa ta jikinta sai kin riƙa ba ta akai akai.

Sai maganar farin abin nan da ke fitowa a bakin tukunya kamar an barbaɗa gari. Ruwa ba gangarawa ƙasa kawai yake yi ba, in saman ya bushe yana hawowa ta ƙananan ramukan, rana ta ɗauke shi ta bar gishirin a sama, kuma a Jidda ruwan sama na shekara guda yawanci ba ya kai milimita 100 balle ya wanke. Ruwan famfon Makka na tahliya ne da ake tacewa daga Bahar Maliya a Shu'aiba, gishirinsa kaɗan ne, amma in wayit, wato tankar ruwan rijiya, ake kawo muku ki ƙara yashi a haɗin, ki daina ba shuka kurɓi kurɓi, ki zuba har sai kin ga ya fito ta hujin ya tafi da gishirin, farantin da ke ƙarƙashi ki zubar da ruwansa kar tukunyar ta sake tsotsewa. Ruwan da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigarwa kusan babu gishiri a ciki, ki tara a jarka, lokaci lokaci ki yi wa tukwanen wanka da shi, sannan ki rufe saman ƙasar da busasshen ganye ko yagaggen kwali.