Shagon masu talla na kusa da Kasuwar Dole, abin da na gani

Jama'ar Damagaram, na kai aikin tallan shagona na atamfa wajen wasu samari masu buga allon talla can kusa da Kasuwar Dole, to gaskiya aikinsu ya yi. Allo guda da ƴar muryar talla ta rediyo suka yi min a jika 25, rubutun Hausar ba kuskure ko ɗaya, har ƙ da ɗ sun saka daidai, abin da masu buga takardu da yawa ke kasawa kenan.

Ina zaune ina jira babban nasu ya ɗauko min hira wai burinshi wata rana ya ci kyautar Loeries, nace mene ne kuma haka, ashe gasa ce ta masu talla da aka fara a Afirka ta Kudu a 1978, da fari tallan talabijin kawai ake dubawa, daga baya aka sa rediyo da zane da intanet, yanzu ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya duk suna shiga. Nace malam Allah ya kai mu, amma fara gama nawa tukunna!

Inda suka ɓata min rai shi ne alƙawari, sun ce Laraba sai Asabar na samu, wai wuta ce babu, kuɗin kabu-kabu kawai na yi ta kashewa. In kana sauri ka kai musu da wuri.