Sharhi kan manhajar REW: ma'aunin A, C da Z wajen gwada kayan sauti

REW, wato Room EQ Wizard, manhajar auna sauti ce ta kyauta da John Mulcahy ya rubuta, kuma ga mai gyaran amfilifaya ko mai haɗa lasifikoki ta ci a yaba mata. Tana fitar da siginar gwaji, tana auna ƙarfin sauti da ma'auni uku, A da C da Z, tana kuma nuna hoton abin da ke fitowa a kowane firikwansi, wato kaurin sauti ko siririntarsa, wanda ake aunawa da Hz. Ta fi daɗin aiki da makirufon USB irin UMIK-1 na miniDSP, muddin an ɗora masa fayil ɗin daidaitawa da ya zo da lambarsa. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen zaɓen ma'auni.

A 1 kHz duka ukun lamba ɗaya suke bayarwa, shi ya sa na'urar daidaita awo take fitar da 94 dB (dB shi ne awon ƙarfin sauti) a daidai nan. Da an sauko ƙasa sai su rabu. Ma'aunin A, wanda aka gina bisa yadda kunne ke jin sauti mara ƙarfi, yana zaftare 19.1 dB a 100 Hz, 30.2 a 50 Hz, har 50.5 a 20 Hz. C kuwa 1.3 kawai yake ragewa a 50 Hz. Z ba ya taɓa komai. Duk wannan yana cikin ƙa'idar IEC 61672.

To, wanda ya bar awonsa a kan A ya bi da sigina daga 20 Hz zuwa 20 kHz zai rantse lasifikar ba ta da ganga, wato sauti mai kauri, alhali lafiyarta ƙalau. Wannan gwajin na Z ne. Haka awon gurɓacewar sauti: in siginar tana 100 Hz, A na rage mata 19.1, amma 'yarta, wato sautin da gurɓacewa ke haifarwa a 200 Hz, 10.9 kawai yake rage mata, sai ta bayyana da ƙarin kusan 8 dB da ba nata ba.

A yana da ranarsa wajen auna hayaniyar amfilifaya. A ɗaura mata resisto mai ohm 8 maimakon lasifika, a ba ta 1 kHz har fitarwa ta kai volt 2.83, wato watt ɗaya, a rubuta. Sai a kashe sigina, a toshe mashigar, a sake karantawa. Tazarar da ke tsakanin sigina da hayaniya ita ce ake nema. Kada a kuskura a zuba fitar amfilifaya kai tsaye cikin katin sautin kwamfutar da ake awon da shi ba tare da resistocin rage ƙarfi ba, zai iya ƙonewa.

Amma a karanta sau biyu, da A da kuma Z. Wutar Najeriya da Nijar a 50 Hz take, kuma ƙugin da taransifoma ko rashin waya mai kyau ta ƙasa ke jawowa nan yake zama, daidai inda A ya fi rufa asiri. In Z ya ɗara A da nisa, a duba hoton: tsini a 50 Hz galibi daga waya ne ko taransifoma, a 100 Hz kuwa a zargi manyan kafasitocin sashen wuta.

Don daidaita ƙarfin lasifikoki, manhajar na da hayaniyar gwaji ta 500 zuwa 2000 Hz, da wata ta 30 zuwa 80 Hz don lasifikar ganga. A sa C, a zaɓi karatu a hankali (Slow). A kan ta biyun ne ƙananan na'urorin awo na kasuwa masu A kaɗai suke zama ba su da amfani.

Sabon shiga zai sha ɗan wuya kafin ya saba da tagogin manhajar, kuma sai ya riƙa duba harafin da ke gefen dB kafin ya rubuta kowace lamba.